Abin Da Ke Kwana A Cikin Injin Markaɗe

Da wuya ka sami gida a garuruwanmu wanda abincinsa ba ya ratsawa ta cikin injin unguwa. Kayan miya, waken ƙosai da na alala, geron kunu da na fura, masarar tuwo, gyaɗa, aya, duk a roba ake ɗora wa yaro ya kai, ya ajiye a layi, ya dawo da su a niƙe. Uwargida mai tsafta takan wanke tumatir da tattasai har sau uku kafin ta aika, ta goge tukunya har tana ƙyalli, ta rufe abinci kada ƙuda ya sauka. Amma tsakanin wankin da ta yi da tukunyar da ta ɗora akwai wani zango da idonta bai taɓa gani ba, wato cikin injin. Ta nan abincin kowane gida a unguwar yake bi, na mai kula da na wanda bai damu ba, wanda aka sayo ɗanye shar da wanda ya fara ruɓewa.

Ra'ayina a kan wannan al'amari a fili yake. Injin unguwa wani sashe ne na madafin duk gidan da ke aika masa niƙa, saboda haka iyali suna da haƙƙin su tambayi yadda ake tsaftace shi, kamar yadda suke duba tukunyarsu kafin su ɗora. Abin da aka saba yi a mafi yawan wuraren niƙa ɗauraya ce kurum, ita kuwa ɗauraya ba ta isa. Ba na faɗin haka don in tozarta masu inji. Mutane ne masu neman halalinsu cikin zafi da ƙara da tsadar mai, kuma akasarinsu babu wanda ya taɓa zaunar da su ya nuna musu abin da ke faruwa a cikin ƙarfen da suke wuni a kansa.

Mu fara da ƙirar injin markaɗen da muka sani. A sama akwai mazubi mai faɗin baki inda ake juye kaya. A ƙarƙashinsa akwai wani ƙarfe mai murɗe da ke tura kayan gaba zuwa tsakanin fayafayan ƙarfe biyu masu zane kamar haƙora, ɗaya a tsaye, ɗaya yana juyawa, su ne ke murje abin. Murfi ne ya rufe su, an ɗaure shi tamau. Idan mai inji ya gama markaɗen wani, sai ya kwara ruwa ta sama, ya shafe mazubin da hannu, ruwan ya gangaro cikin robar mai kaya, a ɗauke, a miƙo ta gaba. Ruwan nan hanyar da ta fi sauƙi kawai yake bi. Ba ya zagayawa bayan faifai, ba ya shiga ramukan haƙora, ba ya kaiwa gindin ƙarfe mai murɗe ko lungunan murfi. A nan ne ƙullun wake da ɓawon tumatir da tsakin gero suke maƙalewa. Duk wadda ta taɓa aika markaɗen wake ya dawo mata ja-ja yana yajin attaruhu ta riga ta ga shaida: abin da ke fara fitowa daga bakin inji ba naki ba ne, na wadda ta riga ki ne. Attaruhu yana da launi da yaji, shi ya sa yake tona kansa. Ƙwayar cuta ba ta da ko ɗaya daga ciki.

Abin da ya maƙale kuma ba ya zama yadda yake. Ƙullun wake da na gero abinci ne mai rai da lafiya ga ƙwayoyin cuta, ga danshi, ga ɗumi. Suna hayayyafa a tsakanin digiri 5 zuwa 60 na ma'aunin zafi, sun kuma fi sakewa a kusa da ɗumin jikin ɗan'adam, wanda kusan shi ne zafin inuwa a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri lokacin bazara. Idan hali ya yi musu daidai, wasunsu kan rabu biyu a kowane minti 20. Mai karatu ya yi lissafin da kansa: ƙwaya ɗaya za ta haura miliyan 2 cikin awa 7, ba ta ma buƙatar duk tazarar da ke tsakanin Isha'i da Asuba. Saboda haka, a injin da aka kashe da dare ba tare da an buɗe shi an wanke ba, wanda ya yi sammako ya zama na farko a layi shi ne ke kwasar abin da ya kwana. Mu kuwa a zatonmu na farko shi ya fi kowa dacewa.

Akwai abin da ya fi wannan wuyar sha'ani. Idan ƙwayoyin cuta suka daɗe a kan ƙarfe ko roba mai danshi, sukan fitar da wani yauƙi su lulluɓe kansu da shi, su manne a wurin. Shi ne irin santsin da hannu ke ji a cikin randar da ta kwana biyu ba a wanke ba. Kwara ruwa ba ya ɗaga wannan lulluɓi, maganin kashe ƙwayoyin cuta ma da kyar yake ratsa shi. Sai an sa buroshi an dirje. Idan aka bar shi, yakan riƙa ɓantarewa kaɗan-kaɗan yana bin duk abincin da ya wuce, yau da gobe, har tsawon watanni.

Kada a zaci wannan matsala ce ta talauci ko ta ƙananan injuna. A shekarar 2008, a ƙasar Kanada, wata ƙwayar cuta mai suna Listeriya ta kashe fiye da mutum 20, akasarinsu tsofaffi, bayan sun ci yankakken naman da kamfanin Maple Leaf Foods ya sarrafa a masana'antarsa ta birnin Toronto. Ana wanke injunan yanka naman a kai a kai. Sai da aka warware su gaba ɗaya sannan aka gano inda cutar ta yi sansani, can cikin sassan da wankin yau da kullum ba ya kaiwa. A nahiyarmu ma, tsakanin 2017 da 2018, Afirka ta Kudu ta ga ɓarkewar wannan cuta mafi girma da aka taɓa rubutawa a duniya. An tabbatar da mutum 1,060 sun kamu, 216 sun rasu, kuma jarirai sabbin haihuwa na cikin waɗanda abin ya fi shafa. A watan Maris na 2018 hukumomin lafiyar ƙasar suka bayyana cewa sun bi sawun cutar har zuwa wata masana'anta a garin Polokwane, mai yin wani sarrafaffen nama da ake ci ba tare da an sake dafawa ba. Waɗannan wurare ne masu famfo da sinadarai da ma'aikata masu farar riga. Idan cuta ta iya samun maɓoya a injinsu, me zai hana ta samu a injin da ba a taɓa kwance murfinsa ba sai ranar da ya lalace?

Na san amsar da ke bakin mutane da yawa: ai za a dafa, wuta kuma ba ta bar komai ba. Akwai gaskiya a ciki, kuma ita ce ma ta rufa mana asiri tsawon shekarun nan. Miyar da ta tafasa sosai da ƙosan da ya soyu har ciki sun kashe mafi yawan abin da suka kwaso. Sai dai wannan amsa tana da ramuka biyu. Na farko, wasu ƙwayoyin cuta kan zubar da guba a cikin abinci tun kafin ya hau wuta, wutar ta kashe su, gubar ta rage. Ita ce ke sa mutum ya hau amai awa biyu ko uku bayan ya ci abincin da ya dahu lugub, ya rasa inda ya samo. Na biyu, wanda ya fi damuna, ba duk abin da ya fito daga inji ne yake ganin wuta ba.

Ɗauki kunun aya. A jiƙa aya, a haɗa da dabino da kwakwa, a kai inji, a tace, a sa ƙanƙara, a ɗura a gora. Babu inda ya haɗu da wuta. Duk abin da injin ya ba shi, da duk abin da ke cikin ruwan da mai inji ya kwara, haka zai isa cikin mai sha. Kunun zaƙi ma, a yadda gidaje da yawa suke yinsa, akan raba ƙullun biyu, a dama rabi da tafasasshen ruwa, a zuba ragowar ɗanye a bar shi ya kwana. Haka dakuwa, haka yajin da ake barbaɗawa a kan abinci, haka markaɗaɗɗiyar gyaɗar da yara ke lasa. A watan azumi kuwa, lokacin da layin inji ya fi tsawo kuma mai inji ya fi gaggawa, a lokacin ne aka fi shan waɗannan abubuwa, a kan cikin da ya wuni babu komai. A watan Yuni na 2024, da kwalara ta ɓarke a Legas, jami'an lafiyar jihar sun ce wani kunun aya marar rajista na cikin abin da suka samu da yawa daga waɗanda suka kamu a yankin Eti-Osa sun sha. Mu a Arewa ba baƙin kwalara ba ne. A 2021 fiye da mutum 100,000 aka yi zaton sun kamu a Najeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma jihohi irin su Bauchi da Jigawa da Kano na cikin waɗanda suka fi jin jiki. Kwalara ruwa take bi. Durom ɗin da ke gefen inji, wanda ake tsoma kofi ɗaya da hannu ɗaya tun safe har dare, hannun da ke karɓar kuɗi da ba da canji, ruwa ne da zai shiga abincinki.

Lafiyayyen babba zai iya shan irin wannan ya tashi da ɗan murɗar ciki, ya ce shawara ce ko sanyi, ya wuce. Nauyin ba a kansa yake sauka ba. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015 ya nuna mutum miliyan 600 ke kamuwa da ciwo ta hanyar gurɓataccen abinci a kowace shekara, 420,000 suna mutuwa, kuma 125,000 daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Afirka ce ta fi kowane yanki ɗaukar wannan kaya idan aka auna da yawan jama'a. A gidajenmu, waɗanda ke kan gaba su ne yaron da ake yaye da koko, da mai juna biyu, wadda Listeriya za ta iya zame mata ɗan zazzaɓi kawai amma ta jawo ɓari ko haihuwar ɗa marar rai, da tsoho, da mai ciwon suga ko ƙoda, da mai shan maganin daji, da mai cutar da ke karya garkuwar jiki. Masu sikila suna da nasu haɗarin na daban: ƙwayar Salmonela, wadda ga wani gudawar kwana uku ce, a jikinsu takan iya shiga jini ta sauka a ƙashi, ta zama jinyar watanni. Gidan da ke da ɗaya daga cikin waɗannan bai kamata ya ɗauki zancen inji da wasa ba.

To, yaya ake wanke inji wankin gaskiya? Kafin komai a kashe shi. Idan na lantarki ne a zare waya daga bango, kada a dogara da cewa an ɗauke wuta, domin ba ta yin sallama idan za ta dawo. Idan na fetur ne ko dizal a jira bel ya tsaya cak. Yatsu da hannun riga da gefen hijabi ba su da wata daraja a wurin bel mai gudu, kuma bai dace a bar wa ƙaramin yaro wannan aiki ba. Daga nan a kwance murfi, a fitar da faifan da ke juyawa da ƙarfe mai murɗe, a kankare duk abin da ya maƙale. Sai a wanke da sabulu da ruwa mai ɗumi, a dirje da buroshin da aka keɓe don wannan aiki kaɗai, a bi ramukan haƙora ɗaya bayan ɗaya. A wannan mataki ruwa mai ɗumi ake so, domin tafasasshen ruwa yakan dafa ƙullun wake ko ragowar nama ya ƙara manne shi a jikin ƙarfe. A ɗauraye sabulun tas da ruwa mai kyau.

Sai bayan nan ne ake maganar kashe ƙwayoyin cuta, kuma jerin yana da muhimmanci. Wankewa tana kawar da datti, kashewa tana gamawa da ƙwayoyin da suka rage a kan abin da ya riga ya fita. Wanda ya zuba bilic a kan ƙullu ya yi asarar kuɗinsa, saboda dattin ne zai cinye ƙarfin sinadarin kafin ya kai ga abin da ake son kashewa. Ga fayafayan baƙin ƙarfe, ni na fi son tafasasshen ruwa. Ƙa'idar tsaftar abinci ta Amurka ta ce a tsoma kaya cikin ruwa mai zafin digiri 77 na tsawon daƙiƙa 30, tafasasshen ruwa kuwa ya wuce haka. Amma tsomawa ake nufi, a nutsar da su cikin tukunya ko daro. Watsa ruwan zafi a kan ƙarfe mai sanyi ba ya aiki, kafin ya gangara ya huce.

Ga mazubi da robobi da sassan da ba sa tsatsa, ruwan kulorin ya fi sauƙi. Bilic ɗin da aka fi sayarwa a shagunanmu, irin su Hypo da Jik, ƙarfinsa yakan kasance kashi 3.5 cikin 100, amma a duba jikin kwalba. Irin wannan, mililita 6 ake sa wa a lita ɗaya ta ruwa, wato mililita 60 a bokiti mai lita 10. Sirinji marar allura ko ɗan kofin da ke zuwa da maganin ruwa na yara ya isa awo. A yi amfani da wanda ba a sa masa turare ba, a haɗa da ruwan sanyi, a bar shi a jikin kayan aƙalla minti 2, sannan a tsiyaye. A haɗa sabo kowace rana, domin rana da iska suna kashe ƙarfinsa. Ƙara yawa ba ƙara tsafta ba ne. Abin da yake ƙarawa shi ne warin sinadari a abinci da cin jikin ƙarfe.

Nan akwai gargaɗin da nake so a karanta sau biyu. Kada a taɓa haɗa bilic da wani sinadari, ko maganin wanke masai, ko ruwan batir, ko ruwan tsami, ko lemun tsami. Haɗin yana tayar da iskar kulorin mai ƙona ido da maƙoshi da huhu, kuma a ɗan ƙuntataccen shagon inji tana iya kayar da mutum, balle mai asma. Kada kuma a ɗura bilic a gorar lemo ko ta kunu a ajiye a ƙasa inda yara ke zaman jiran niƙa. Idan tsautsayi ya sa yaro ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja. A kuskure masa baki, a ba shi ruwa kaɗan, a tafi asibiti da kwalbar a hannu.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda aka fi rainawa, wato bushewa. A jera sassan a wuri mai tsafta iska ta busar da su, kada a bi su da tsumman da ya wuni yana goge hannu da tebur, domin zai mayar da abin da aka cire. Baƙin ƙarfe idan ya bushe a shafa masa ɗan man gyaɗa saboda tsatsa, a mayar, a rufe bakin mazubi da mafita. Ɓera da kyankyaso da dare suke cin kasuwarsu, kuma ta fitsari da kashin ɓera a kan abinci ne zazzaɓin Lassa yake shiga mutane. Wannan wanki wajibi ne a ƙarshen kowace rana. Ƙa'idar Amurkan nan ma cewa ta yi injin da ke aiki da abinci mai saurin lalacewa a wanke shi duk bayan awa 4. Na san a layin azumi wannan zai yi wuya, amma sau ɗaya da rana tsaka da sau ɗaya da dare ba abin da ya gagara ba ne. Injin niƙa nama kuwa, da an gama aiki da shi a warware shi, kuma kada ya taɓa haɗa hanya da abin da za a sha ɗanye.

Injin gari, na busasshen hatsi, hukuncinsa daban ne. Shi ruwa abokin gabarsa ne. A buɗe shi a share da busasshen buroshi, a kakkaɓe jakar da gari ke bi, a wanke ta a shanya ta bushe ƙayau kafin a mayar. Idan danshi ya shiga, garin da ya rage a lungu yakan dunƙule ya yi fumfuna, wata fumfunar kuma tana fitar da guba mai suna afulatoksin, wadda ta fi son masara da gyaɗa. Dafuwa ba ta kashe ta. Tana lalata hanta, tana cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo dajin hanta, kuma haɗarin yakan ninka ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda ba ƙaramin yawa gare shi a cikinmu ba. A Kenya, a 2004, masarar da ta yi fumfuna a ma'ajiya ta kwantar da mutum 317, 125 suka mutu. Tushen wannan guba yana gona da rumbu, amma inji ne ke raba ta: mudu ɗaya na ruɓaɓɓiyar masara zai bar rabonsa ga wanda ke biye. Mai inji yana da ikon ya ce ba zai niƙa hatsin da ya yi baƙi yana warin ruma ba, kuma ya kamata unguwa ta goya masa baya idan ya faɗa.

Sai abin da injin kansa yake zubarwa. Fayafayan nan biyu suna cin juna, shi ya sa ake kai su a sake fiƙe musu haƙora. Ƙarfen da ya goge bai tafi ko'ina ba, yana cikin abinci. Wanda ke shakka ya sa mayen ƙarfe a leda mai tsafta ya juya cikin garin da aka niƙa da sabon faifai, ya ga abin da zai biyo shi. Ya kamata duk ranar da aka sa sabo ko aka yi fiƙa, a fara wuce dusa ko tsakin da ba za a ci ba, a zubar. Giris da baƙin mai kuma wurinsu waje ne, baƙin ɗigon da ake gani wani lokaci a markaɗe alama ce ta cewa wani abu yana yoyo.

Mafi munin darasi a wannan babi a ƙasarmu aka koye shi. A 2010 ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta lura da yadda yara ke mutuwa da jijjiga a wasu ƙauyukan Zamfara, irin su Dareta da Abare a ƙaramar hukumar Anka da 'Yargalma a Bukkuyum. Bincike ya nuna gubar dalma ce daga duwatsun zinariya da ake farfasawa ana niƙawa a cikin gari, har a cikin gidaje, da turame da irin injunan da ake niƙa hatsi da su. Ƙurar ta bi ƙasa da ruwa da abinci. Yara aƙalla 400 suka rasu, dubbai suka buƙaci magani. Dalma ba ƙwayar cuta ba ce da za a ce bilic ko tafasa zai kashe ta. Injin da ya taɓa niƙa dutsen ma'adini ya fita daga sahun injin abinci har abada. Haka nan irin shuka da aka cuɗa da maganin ƙwari, da duk wani abin da ba na ci ba, kada su kusanci injin abinci.

A cikin gida ma akwai ƙanen injin unguwa, wato bilenda. Yawancinmu ruwa muke zubawa mu kunna ta ta juya, mu kife. A kwance gindinta a ciro wuƙar da zoben robar da ke ƙarƙashi, abin da za a gani a wurin zai isa bayani. Turmin da ya tsage da katakon yanka nama su ma haka.

Saura tambayar da ta fi kowace nauyi: wa zai ɗauki kuɗin? Wankin da na bayyana yana cin ruwa da sabulu da itace ko gawayi, yana kuma cin kusan rabin awa da mai inji zai iya yin niƙa a ciki. Mu da ke ciniki a kan naira ashirin, muna kuma yi masa tsawa idan ya tsaya, ba mu da bakin cewa ya ƙi tsafta. A ganina gyaran yana hannun ɓangare uku. Iyali su yarda su ƙara ɗan abu ga mai injin da suka ga yana buɗewa yana wankewa, su kai masa cinikinsu ko da ya fi nisa. Masu inji, inda suke da ƙungiya, su mayar da wankin dare ƙa'idar sana'a, wanda ke da hali kuma ya keɓe inji ɗaya don abin da ake sha ɗanye. Ma'aikatan duba-gari na ƙananan hukumomi, waɗanda wannan aikinsu ne, su riƙa cewa a buɗe murfi su gani, su koyar kafin su ci tara. Takardar shaida da ke manne a bango ba ta nuna abin da ke bayan faifai.

Kafin a kai can, akwai abin da uwargida za ta iya yi tun gobe. Ki je da kanki sau ɗaya ki ga wurin, ki tambaya cikin mutunci: Malam, yaushe ake kwance injin nan a wanke? Yadda zai amsa zai gaya miki abu da yawa. Ki aika da ruwanki a jarka mai murfi, da roba mai murfi, da wani ɗan kwano da za a tari abin da ya fara fitowa a zubar. Da markaɗe ya iso ya hau wuta ko ya shiga firji, kada ya zauna a tsakar gida yana jiran la'asar. Abin da za a ba jariri ko mai juna biyu ko majinyaci kuma ba za a dafa ba, a niƙa shi a gida da bilenda ko turmin da kika wanke da hannunki, da tafasasshen ruwan da ya huce. Idan a gidan akwai wanda jikinsa ba ya karɓar gyaɗa ko waken suya, ki sani ɗan abin da ya rage a inji ya isa ya tayar masa, kuma dafuwa ba ta hana wannan.

Idan ciwon ya riga ya shigo, a fara ba da ruwan gishiri da sukari tun gudawar farko, yaro kuma a ci gaba da ba shi mama. A garzaya asibiti idan akwai jini a bayan gida, ko gudawa kamar ruwan shinkafa, ko amai ya hana shan komai, ko ido ya faɗa, ko fitsari ya ɗauke, ko mai juna biyu ta yi zazzaɓi. A gaya wa likita abin da aka ci da inda aka niƙa shi. Idan kuma aka ga gida uku ko huɗu a layi ɗaya sun kwanta rana guda, a tambayi juna wane inji aka aika da wane ruwa aka sha, a kai labari sashen lafiya na ƙaramar hukuma a ranar.